"Tun da Aka Naɗa Shi Ya Canza": Abin da Kujera Ke Yi wa Mai Zama a Kanta

A majalisun birnin Katsina, daga Rafindadi har Ƙofar Sauri, akwai maganar da ba ta tsufa: "Wane tun da aka naɗa shi ya canza." Ana faɗinta a kan mai unguwa da kansila da hedimasta, har a kan matar da ta aurar da ɗanta jiya ta wayi gari uwar miji. Mai maganar yakan rufe da cewa dama can haka yake, ɓoyewa yake yi, ai hali zanen dutse ne. Hukuncin yana da daɗin faɗa, amma bai amsa wata tambaya ba. In hali ne kaɗai, me ya sa mutane masu hali daban-daban, in suka zauna kujera ɗaya bi da bi, ƙorafin da ake yi a kansu yakan zo iri ɗaya? Ya daina jin magana, ya daina zuwa inda ya saba zuwa, ya koma ganin laifin talaka. Wannan kamanni shi ya kamata ya sa mu waiwayi kujerar kanta.

Katsina gari ne da ya rubuta wannan al'amari a jikin ganuwarsa. Ƙofar Kaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar 'Yanɗaka, duk sunayen sarautu ne. Mutane da yawa sun riƙe Kaura sun wuce, ƙofar tana nan da sunanta, kuma har yau Kauran Katsina shi ne hakimin Rimi, kamar yadda Durɓi yake Mani, 'Yanɗaka yake Dutsin-Ma, Galadima yake Malumfashi. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan riguna ya tarar an riga an ɗinka ta. Akwai inda zai zauna a fada, da wanda zai bi a hawan Sallah, da kirarin da za a yi masa, tun kafin a haife shi.

Abu na farko da naɗi ke karɓewa shi ne suna. Daga ranar da aka ɗaura rawani, sunan yanka ya koma na takarda. Abokin da suka yi makarantar allo tare ba zai ƙara kiransa da shi a gaban mutane ba, ƙannensa ma sun daina, wani lokaci har matarsa. Sai tufafi. Babbar riga da alkyabba da rawani suna hana sauri, ba a tsallake kwata da su, ba a hawa bayan babur, ba a tsugunawa a teburin mai shayi. Amawali yana rufe baki, don haka murya takan sauka, magana ta taƙaita. Sai gaisuwa. Wanda jiya yake miƙo masa hannu, yau yana tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya yi jinjina, ya ce "Ranka ya daɗe", wani na gefe ya amsa da "An gaishe ka". Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa zuciyar mutumin kai-tsaye. Amma ka ƙirga sau nawa a yini ake maimaita su, ka ninka da kwanakin shekara. Mutum yana sanin ko shi wane ne ta yadda ake amsa masa, kuma wanda ake durƙusa wa safe da yamma, da wuya shekara ta zagayo bai fara jin cewa haka duniya take ba.

Canjin da ya fi nauyi yana faruwa ne a kunne. Kafin naɗi, labari yana zuwa masa ɗanye. Yana jin sa a kasuwa, a bakin masallaci, daga wanda abin ya shafa, da zafinsa da ashar ɗinsa. Bayan naɗi sai labari ya bi tsani: daga mai unguwa zuwa magaji, kamar yadda ake kiran dagaci a ƙasar Katsina, daga magaji zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada. Kowane mataki yana da dalilin rage wani abu, domin rikici a ƙasarka alama ce ta cewa ba ka riƙe ta da kyau ba. A ce shanu sun shiga gonaki ana gab da girbi, matasa sun fara haɗa kai da dare. A bakin mai unguwa, ɓarna ce aka yi, ana ƙoƙarin sasantawa. A bakin magaji, ɗan saɓani ne, an shawo kansa. Kafin ya kai sama ya zama "lafiya lau, Alhamdu lillahi". Ba lallai ne a samu wanda ya shirga ƙarya ba. Ladabin gaisuwarmu ma yana taimakawa, tunda ba a amsa wa babba da "ba lafiya". In abin ya fashe bayan mako biyu, babban zai ce ba a faɗa masa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Jama'a za su ce ya sani ya yi shiru, kuma suna da hujjar zaton haka. Muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma akwai abin da yaro ke takawa kullum da ƙafarsa wanda ba ya isa idon babba ko kaɗan.

An taɓa auna irin wannan sauyi da alƙaluma. Wani mai bincike a Amurka, Seymour Lieberman, ya wallafa sakamakon aikinsa a 1956. An tambayi ma'aikatan wata masana'anta ra'ayinsu a kan masu kamfani da kuma ƙungiyar ƙwadago. Bayan wani lokaci, 23 daga cikinsu suka zama heluma masu sa ido kan aiki, 35 suka zama wakilan ƙungiya. Da aka koma aka sake yi musu tambayoyin, helumomin sun karkata wajen masu kamfani, wakilan sun ƙara karkata wajen ƙungiya, alhali a farko babu wani babban bambanci a tsakaninsu. Abin da ya fi jan hankali ya zo daga baya. Kasuwa ta ja baya, aka mayar da wasu helumomin cikin sahun leburori, sai ra'ayinsu ya koma kusa da inda yake a da. Waɗanda suka ci gaba da riƙe muƙamin kuwa suka ci gaba da ganin duniya da idon muƙamin. Mutanen ba munafukai ba ne. Wurin tsayuwarsu ya sauya, da wanda suke ba wa bahasi, da wanda suke cin abincin rana tare da shi, sai ra'ayi ya bi sawu.

Mu da ke kallo daga waje ma kujera tana wasa da idonmu. A 1977 Lee Ross da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Stanford suka haɗa ɗalibai bibbiyu, aka jefa ƙuri'a a gabansu, ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya mai amsa. Aka ce mai tambaya ya tsaro tambayoyi 10 masu wuya daga abin da shi ya sani. Mai amsa yakan ci kamar 4. Da aka gama, masu amsa da 'yan kallo duk suka yanke cewa mai tambaya ya fi ilimi, duk da sun ga yadda aka raba aikin da ƙuri'a. Wanda ke riƙe da tambaya shi ke zaɓar filin da za a kara, don haka jahilcinsa ba ya fitowa. Haka abin yake tsakanin likita da majinyaci, da malami da almajiri, da jami'in da ke bayan tebur da tsohon da ya zo neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. Manomin da ya kasa cike fom a ofis ya san lokacin shuka da irin gero da ya dace da jigawa, amma a wannan ɗakin ba za a tambaye shi wannan ba, shi ma zai fita yana jin ƙanƙanci.

Wannan makanta ta fi muni in ta haɗu da gado. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau da Daura, ya lura da yadda Hausawa ke bambanta sana'ar da aka gada, wato karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, wato shigege, ya kuma nuna yadda aka jera sana'o'in: masu sarauta da malamai da attajirai a sama, mahauta da maroƙa da makaɗa a ƙasa. Gadon yana da amfaninsa, domin ɗan maƙeri ya san zafin wuta tun yana zuga zugazugi, shi ya sa ake cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Amma tsanin ya daɗe da wuce amfaninsa. Har yau ana iya hana saurayi aure bayan an gama bincike, an tabbatar yana salla, yana da aiki, ba ya shaye-shaye, don kawai an gano kakansa fawa yake yi. Gidan da ya hana ɗin yana sayen nama a wurin mahauci kowace rana, kuma an san ayar Suratul Hujurat da ta ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Wannan zalunci ne, kuma illarsa ba ta tsaya ranar neman aure ba. Yaron da ya taso yana jin ana sassauta murya in an zo faɗin sana'ar ubansa, yakan koyi ɓoye asalinsa, ko ya tsani sana'ar da take ciyar da shi.

Babu inda matsin matsayi ya fi fitowa fili kamar wurin mai unguwa da magaji, kuma sai an koma tarihi za a gane dalili. A zamanin En'e, sarauta tana da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari, kuma masu gari su ke tara haraji da jangali. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga majalisun ƙananan hukumomi. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ikon ƙasa a hannun gwamna. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba. Iko ya tafi mataki-mataki, amma abin da jama'a ke jira daga mai rawani bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Baƙo in dare ya yi masa, gidan mai unguwa. Rabon gado ya cije, gidan mai unguwa. Masu allurar rigakafi, da masu ƙidaya, da 'yan sanda masu neman wani, duk ta ƙofarsa suke bi. Babba juji ne, amma juji ba ya sayen goro da hatsin baƙi, shi kuwa sai ya saya.

Daga nan ake samun ɓarakar da kowa ya sani. Mutumin da aka ɗora wa hidimar mai hali, aka hana shi hanyar samu, zai nemi samu a wurin da sa hannunsa ke da daraja, kuma wurin shi ne cinikin fili da gona. La'ada takan fara a matsayin ɗan abin goro na shaida. In babu littafin da ake rubuta kowane ciniki da iyakokinsa huɗu da sunayen shaidu, in kuma ba a kira maƙwabtan gonar sun tsaya a kan iyaka ranar ciniki ba, wata rana fili ɗaya zai fito da takarda biyu. A ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, matsin ya wuce na kuɗi. Hukuma tana son mai gari ya kawo rahoton 'yan bindiga, su kuma sun san ƙofar gidansa, kuma ba shi da mai gadi. In ya yi magana ransa yana cikin haɗari, in ya yi shiru a zarge shi da haɗa baki. Wanda ya ci amana a cikinsu ya cancanci hukunci. Sai dai cire mutum ɗaya a naɗa wani a kan wannan kujerar, ba tare da an ba shi hanyar kai rahoto a asirce da kariya ba, sake shuka ne a gonar da ba a cire mata ƙuduji ba.

A cikin gida abin ya fi laushi, amma ya fi shiga jiki. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma takan kau da kai in yana kuka har kaka ta ɗauka. Baƙon al'ada zai ɗauka ba ta son sa. Mu mun san kunya ce, kuma sau da yawa shi ne ɗan da ya fi tsaya mata a rai. Kunya tana da kyawunta, ita ke riƙe mutunci tsakanin surukai da ke zaune gida ɗaya. Amma akwai wurin da take cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Yarinya mai cikin fari kuwa an koya mata cewa ba a faɗa, sai ciki ya faɗi kansa. Ranar naƙuda an koya mata dauriya, ba a kuka, ba a kira. In kan jariri ya kasa wucewa, ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini yakan daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, shi ne yoyon fitsari da asibitin Babbar Ruga a nan Katsina ya shafe shekaru yana ɗinkewa. Ƙuruciya da nisan asibiti da rashin kuɗi duk suna da hannu. Amma jinkirin farko yakan faru ne a tsakar gida, inda kowa ke tsaye daidai a matsayinsa: yarinya ta yi shiru don ita amarya ce, uwar miji ta ce a ƙara haƙuri don ita ma haka ta haihu, ƙanin miji ba zai yanke hukunci ba don ba matarsa ba ce, mai gida kuma yana kasuwa ko ya tafi cin rani. Maganin wannan ba ya buƙatar a yaƙi kunya. Miji ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan a tafi asibiti. A ajiye kuɗin mota a hannun wata babba a gidan, da lambar direban da aka riga aka yi magana da shi. A kuma ayyana mace ɗaya, gwaggo ko yaya, wadda yarinyar ba ta jin nauyinta, ta zama ita ce mai tambaya.

Kada a ɗauki wannan bayani a matsayin wanke mai laifi. Mutane da yawa sun ji labarin gwajin Philip Zimbardo na 1971, inda aka zaɓi ɗalibai 24, aka raba su fursunoni da gandurobobi a wani gidan yari na ƙarya, aka shirya mako biyu amma aka tsayar a kwana na 6 saboda cin zarafi. An daɗe ana kafa hujja da shi cewa kaki kaɗai ya isa ya mai da mutumin kirki azzalumi. Amma ko a lokacin, wani kaso ne na gandurobobin ya yi mugunta, wasu ba su yi ba. A 2018 kuma wani mai bincike ɗan Faransa, Thibault Le Texier, ya fito da takardu da faifan murya na gwajin, waɗanda suka nuna masu shirya shi sun riƙa zuga gandurobobin su tsananta. Wato abin da na sama ya ce, da abin da ya yaba, da abin da ya kau da kai a kansa, su ne suka ba kakin ma'anarsa. Wannan darasi ya shafe mu kai-tsaye yanzu da matasa da yawa a jihar nan suka ɗauki makami don kare garuruwansu, wasu a matsayin 'yan sa-kai, wasu cikin rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023. Saurayin da aka kashe wa ɗan'uwa, aka ba shi bindiga, in shugabansa yana yi masa magana kamar duk mai sanda da hular kaba abin zargi ne, zai ga maƙiyi a fuskar Bafulatanin da suke cin kasuwa ɗaya tun suna yara. In kuwa an gindaya masa cewa duk wanda aka kama sai an rubuta sunansa an miƙa shi ga 'yan sanda, kuma ya ga an hukunta wanda ya saɓa, aikin nan ɗaya zai fito da wani mutum daban.

Magabata sun san rawani yana toshe kunne, shi ya sa suka bar ƙofofi. Wasan da ke tsakanin jika da kaka, da taubasai, da Katsinawa da Nufawa, da Fulani da Barebari, yana ba wani mutum damar faɗa wa babba abin da ɗansa ba zai iya faɗa ba, a yi dariya, amma saƙo ya shiga. Malamin fada da tsohuwar gida ma suna da irin wannan dama. Mai muƙamin zamani, kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ko babban sakatare, ya gaji durƙuson da kirarin, amma bai gaji waɗannan ƙofofin ba, kuma masu kewaye da shi duk abincinsu yana hannunsa. Abin da zai iya yi kaɗan ne amma yana aiki: ya ware rana da kowa zai shigo ba tare da mai iso ba, ya riƙa zuwa wurin da aka ce an gama aiki ba tare da sanarwa ba, kuma ranar farko da wani ya kawo masa mummunan labari, ya kula da fuskarsa, domin duk ofishin yana kallo ya ga abin da zai faru da mai kawowar.

Sarauta takan zauna har mutuwa in ba an tuɓe mutum ba, amma aikin gwamnati yana da wa'adi, galibi shekara 35 ta aiki ko cika 60 da haihuwa. Watannin farko bayan ritaya su ne masu wuya. Waya ta daina ƙara, masu zuwa gaisuwar Juma'a sun koma gidan wanda ya gaje shi, direba da motar ofis sun tafi, ga fansho ba ya fara zuwa nan take. Wanda ya yanke hulɗa da tsohuwar majalisarsa shekara ashirin, in ya dawo zai tarar an saba zama ba shi, kuma da yawa sukan kulle kansu a gida, iyali su sha fushin da ba su san tushensa ba. Waɗanda saukar ke yi wa sauƙi su ne masu wani wurin da ba a taɓa kiransu da sunan ofis ba, ko gona ce da suke zuwa da kansu tun suna aiki, ko zauren malam inda suke ɗaukar karatu bayan Magariba a sahu ɗaya da tela da mai faci.